Kunnen Dama

Salular Mairamu ta fara ƙagewa ne bayan an gama zuba hatsi a rumbu. Da farko abin kaɗan ne. In ta danna, sai salular ta yi kamar ba ta ji ba, can kuma ta farka ta yi abin da aka sa ta. Daga baya ta koma tsayawa cak a tsakiyar magana, fuskarta a kunne, hoton da ke kai ba ya motsi, a danna ko a shafa duk ɗaya. Sai dai a ajiye ta a gindin rumbu har batirin ya mutu da kansa.

Ba don kira take damuwa ba. Masu kiranta ba su da yawa, kuma duk sun san ƙofar gidan. Abu guda ne a cikin salular.

Mijinta Haruna ya tafi biɗa Abijan tana da ciki, kamar yadda mazan Adar kan tafi in an gama aikin gona. Yana can ta haihu. Da labari ya kai masa, sai ya ce kada kowa ya yi wa jaririyar huɗuba, a jira shi. Ba a jima ba ya aiko da vokal, saƙon murya. Aka kara salular a kunnen jaririyar, uban ya yi mata kiran salla daga bakin teku. Kawunsa ya sake yi da bakinsa daga baya, don kada a ce an bar wa ƙarfe aikin mutum, amma Mairamu ta san wanda ya riga.

Ta haddace vokal ɗin har da abin da ba magana ba. Ruwan sama yana dukan kwanon ɗaki. Haruna ya yi gyaran murya ya ce, “Mairamu, ki sa a kunnenta na dama. Dama hwa, ba hagu ba, na san ki.” Sai kiran salla, muryarsa tana rawa a wurin da ake ja. Wani daga cikin abokan ɗakinsa ya yi dariya ya ce, “Yau Haruna ya zama ladan,” aka ce masa ya yi shiru. A ƙarshe, a hankali, kamar mai tsoron tada mai barci: “Sunanki Asiya. Ni na babanki. Ina nan tahe.”

Bai zo ba. Zazzaɓi ya kama shi kafin faɗuwar damina, ’yan garinsu da ke can suka yi masa sutura. Jakarsa ta dawo da riguna da tabarmar salla. Salularsa ba ta dawo ba, ba wanda ya san inda ta shiga.

Bayan takaba Mairamu ta koma gidan uwarta, Inna Cima, a Deule. Asiya ta yi wayo, tana tafiya, bakinta ya fara buɗewa. Da yake ɗiyar fari ce, Mairamu ba ta faɗin sunanta, sai dai ta ce “yarinyar nan”. In tana son ta ji sunan, sai ta kunna vokal. Yarinyar ta saba. Da ta ga salula a hannun uwarta sai ta taho da gudu, ta karkata kai, ta miƙa kunnen dama.

Wata rana da la’asar suna tsintar wake a tsakar gida, Asiya ta ɗauko salular daga kan tabarma da hannu biyu, ta kawo wa kakarta, ta ce, “Baba.”

Inna Cima ta dubi salular, ta dubi ɗiyarta.

“Kin ji abin da tac ce?”

“Na ji, Inna.”

“To.” Ta ci gaba da tsinta. Can ta ce, “Abdulhamid ya sake aiko da albasa. Buhu guda. Mu biyu da ɗiya ƙarama, mi za mu yi da buhun albasa in ba magana yake so a yi ba?”

Abdulhamid mai lambu ne a fadama, matarsa ta rasu ta bar masa yara. Mutum ne mai haƙuri, in ya zo gaisuwa a zaure yake tsayawa, ba ya daɗewa.

“A raba ma maƙwabta,” in ji Mairamu.

“An raba ta farko. An raba ta biyu. Maƙwabta sun fara tambaya ko mun buɗe kasuwa.”

Mairamu ta yi murmushi. Ta karɓi salular daga hannun yarinyar don ta kunna mata. Muryar ta taso, “Mairamu, ki sa a kunnenta na…” sai ta tsaya. Ta danna, ta girgiza, ta hura bakin sharji. Asiya na tsaye da kai a karkace tana jira.

“Ki kai ma ƙanenki shi duba,” in ji Inna Cima, ba ta ɗago kai ba.

Mahfuzu, ƙanen Mairamu, yana da rumfar sharji a bakin kasuwa: fanno biyu masu ɗaukar hasken rana a kan rufi, tebur cike da wayoyi kamar saiwar gamji, kowace salula da ɗan ƙyalle a ɗaure don kada a rikita. Ya yi lakkwal, karatun boko har kolej, ya yi zaman Agadas, ya dawo ya yi aure. Ita ta goye shi yana jariri, har yanzu in ta ga ƙeyarsa sai ta tuna wurin da ya taɓa faɗuwa daga kan jaki. Shi ya koya mata yadda ake riƙe maɓalli a yi vokal, shi ya zaɓa mata kodin buɗe salula mai sauƙi, zane mai kama da lauje.

Da safe ta same shi yana cin ƙosai a takarda.

“Yaya, wannan salula taki ƙoshi ya yi mata yawa,” ya ce yana shafa fuskarta da bayan yatsa. “Wa’azi, biki, suna, hoton ɗiyan mutane. Har akuya mai kai biyu tana nan ciki.”

“Ba ni ke biɗarsu ba, aiko mini ake yi.”

“Kuma ba ki goge ko guda.”

“Ina tsoron in goge wanda ba shi ba.”

Ya dubi wayoyin da ke gabansa. Ya gyara wata da ba ta buƙatar gyara.

“Sai an yi mata wanka,” ya ce. “Formataj ake ce mai. Za ta koma kamar ranar da anka hiddo ta daga kwali.”

“Muryar baban yarinyar nan hwa?”

“Ki kwantar da hankalinki, Yaya.”

Ya danne maɓallin gefe har salular ta mutu ta tashi, ya shiga wurare da dama da sauri, rubutun Faransanci yana wucewa. Mairamu ba ta karatun boko, launi da siffa take bi. Ya juyo mata da fuskar salular.

“Zana kodinki.”

Ta zana laujenta.

“To, danna nan. Shuɗin nan na ƙasa.”

“Kai ba ka da yatsa?”

Ya ɗaga hannunsa yana ƙyalli. “Maiƙon ƙosai. In na taɓa, sai kin wanke ta da toka.”

Ta yi dariya ta danna. Wani rubutun ya fito, da wani shuɗin a ƙasa.

“Ƙara.”

Ta ƙara. Fuskar salular ta yi baƙi, wani ɗan zobe ya fara juyawa a tsakiya. Ya ce ta dawo bayan azahar.

Da ta dawo, salular tana gudu kamar ɗan maraƙi. Ko ina ta taɓa sai ya buɗe. Ya mayar mata da wurin vokal, da lambarta, da komai. Ta shiga inda hoton Haruna yake zama, yana tsaye gaban wani shago da hula a karkace. Babu hoton. Babu sunan. Fari ne fes daga sama har ƙasa.

Ta miƙa masa. Ya karɓa ya yi ta dube-dube, ya cire fus ɗin lambarta ya mayar, ya kashe ya kunna. Gumi ya tsattsafo masa a goshi.

“Wani lokaci suna haka,” ya ce. “In cuta ta riga ta shiga, sai ta cinye abin da ke ciki.”

“Mahfuzu, ba kuskure kay yi ba?”

“Yaya, na rantse da Allah wanda raina ke hannunai, hannuna bai goge miki komi ba.”

Ta ga idonsa ya kaɗa. Sai tausayinsa ya kama ta, ta manta da nata na ɗan lokaci. Ta ce ya bar rantsuwa, ta san ba zai yi mata haka ba, abin da Allah ya rubuta ne. Har ta ce ya ci abinci, ta ga ya rame.

A gida ta shiga ɗaki ta zauna a bakin gado. Asiya ta biyo ta, ta ga salula, ta karkata kai. Mairamu ta tura salular ƙarƙashin filo ta ce, “Ta yi barci.”

Kwanakin da suka biyo ta bi duk inda take zaton za a samu. Ta aika wa abokan ɗakin Haruna a Abijan, suka ce sun tuna ranar, amma daga salularsa ya aika. Ta tambayi ƙanwarsa ko an taɓa tura mata. Ba a taɓa ba. Mairamu ba ta taɓa tura wa kowa ba, saboda wannan “na san ki” da ke farko. Nata ne, kunya ba ta bar ta ta raba shi ba.

Wata maƙwabciya ce ta ce mata akwai wani Ɗantala a Madawa, kusa da tasha, wanda ko salula ta faɗa rijiya yana tada ta. Ranar kasuwa ta goya Asiya, ta ce wa Inna za ta je a duba mata.

“Ƙanenki bai iya ba, wani za shi iya?” in ji Inna Cima.

“In gwada dai.”

“Hanya ba kyau. Ga rana. Ki bar ɗiyar mutane nan.”

“Ta saba da bayana.”

Motar ta gangara daga duwatsu zuwa fadama, tana ratsa lambuna kore shar. A Madawa manyan motoci sun yi layi ana loda musu buhunan albasa. Ta yi tambaya har aka nuna mata rumfar.

Ɗantala ƙaton mutum ne mai tabarau biyu, ɗaya a ido ɗaya a goshi, yana zaune a bayan tarin matattun saluloli. Bakinsa ba ya hutawa.

“Sannu da zuwa, Hajiyar baɗi. Mi ya same ta? Ruwa, wuta, ko ɗiya ta jefa ta cikin miya?”

Ta gaya masa daga farko, a taƙaice. Da ta kai wurin huɗubar sai ya daina wasa, ya sauko da tabarau na biyu. Ya jona salular da na’urarsa, ya daɗe yana kallo. Ya buɗe bayanta ya leƙa.

“Ba ki da kart memwar?”

“Mi ke nan?”

“Ɗan abu ƙarami kamar farce, ana zuba kaya ciki. Babu.” Ya mayar da murfin. “Wasu kuma suna da wurin ajiya can cikin rezo, a intanet, in salula ta ɓace su kwaso kayansu. Taki ba a taɓa buɗe mata ba. Baiwar Allah, ba ni ɓata miki lokaci. Wannan an share ta tas. Ko wanda yaƙ ƙera ta ba shi maido da ita.”

Ta gyara goyonta. Ta riga ta shirya wa wannan amsar tun a mota.

“An ce cuta ta shiga tac cinye.”

“Wace cuta?” Ya yi tsaki. “Ba cuta ba ta, hannu na. Ƙagewa ai ba ta kai nan ba. A danne maɓallin gehe ta mutu ta tashi, a kwashe bidiyon biki, shi ke nan, ta samu wurin numfashi. In ta ƙi, a zuba kayan mutum a kart, kana a yi wankan. Duk mai rumfar sharji ya san wannan, da shi suke ci.”

“Ko kuskure ne. Hannu yana zamewa.”

“A nan ba shi zamewa. Tsaya ki gani.”

Ya ɗauko wata salula daga cikin tarin, ya shiga wurare yana nuna mata, a hankali. Ya tsaya a wani wuri. Rubutu a sama, shuɗi a ƙasa. Mairamu ta gane wurin.

“Kin ga nan? Cewa take, duk abin da ke cikina za shi goge, hoto da murya da suna, kuma ba shi dawowa. Ba ta yarda sai an zana mata kodi. In an danna, ta sake tambaya, ka tabbata? Kamar alƙali. Wanda yay yi miki ya iya karatu?”

“Ya yi kolej.”

“To ya karanta. Shi yad danna yana gani.”

“Ni nid danna,” in ji Mairamu.

Ɗantala ya dube ta ta saman tabarau.

“Ya ce hannunai da maiƙo.”

Ya cire salularta daga na’ura, ya goge fuskarta da gefen rigarsa, ya miƙa mata da hannu biyu.

“Wane marar tsoron Allah na wannan?”

“Wani na, can garinmu.”

Ta kunce bakin zane za ta ba shi ladan dubawa, ya ɗaga hannu ya ce ta saya wa yarinya biskit.

A hanyar komawa ba ta ga lambunan ba. Tana ta maimaita safiyar nan a ranta, tana neman wurin da ya ce mata muryar za ta tsira. Babu. Ki kwantar da hankalinki, abin da ya ce ke nan. Ta tuna yadda ya ɗaga hannu yana ƙyalli, da dariyar da ta yi. Ta tuna ita ce ta ce ya ci abinci. Sai ta tuna wadda ta fara cewa ta kai wa ƙanenta.

Ta iso da sauran rana. Inna Cima tana sheƙar gero a bayan rumbu.

“An samu?”

“Ba a samu ba.”

“To, Allah shi sa haka ya fi alheri.”

Mairamu ta sauke Asiya, ta ba ta ruwa, ta sha ita ma. Ta wanke ƙafafunta. Sannan ta zo ta tsuguna kusa da uwarta, ta fara tara geron da ya zube gefen tabarma.

“Inna, ke kinka ce shi sa ni in danna da hannuna, ko dabaratai ta?”

Ƙwaryar ta tsaya a sama. Ƙaiƙayi ya ci gaba da sauka shi kaɗai.

“Dabaratai ta,” in ji Inna Cima daga baya. Ta ajiye ƙwaryar. “Ni cewa niy yi shi raba ki da abin nan. Ya ƙi, ya ƙi, sai da nic ce in bai yi ba ban yahe mai nonona ba.”

Mairamu ta ci gaba da tara gero.

“Ki dube ni. Ɗiya tana ce ma ƙarhe Baba. Ke kuma kin gama takaba a bakin mutane, a ɗaki ba ki gama ba. Ina jin ki ta bango. Ni ma na binne miji, Mairamu. Da a ce ina da muryar babanku a aljihu, da ban tashi na riƙe ku ba. Mamaci ana yi mai addu’a a bar shi shi kwanta.”

“Ba nawa ba na, Inna. Na yarinyar nan na. Shi kaɗai ubanta yab bar mata. Ajiya nike yi har ta yi hankali ta ji da kanta.”

“Za ta samu uba mai rai.”

“Na sani. Na riga na yanke in an cire albasa in ce ma Abdulhamid shi turo.”

Inna Cima ta juyo gaba ɗaya. “Ba ki faɗi ba.”

“Ba a tambaye ni ba.”

Tsohuwar ta ɗauki ƙwaryar ta riƙe a cinya, ba ta ɗebi gero ba. Kaji suka matso suna tsattsaga a gabansu, ba wanda ya kore su.

Kafin magariba Mahfuzu ya yi sallama. Da ganin yadda suke zaune ya gane. Ya tsaya a bakin zaure da hularsa a hannu.

“Yaya.”

“Tambaya guda zan yi maka. Ka ajiye ta wani wuri? Ko a kart, ko a taka?”

Ya dubi uwarsu. Ya dubi ƙasa.

“Na ɗauko kart ɗin ran nan da sahe. Yana cikin aljihuna sa’ad da kinka zo.”

“Amma ba ka sa ba.”

“Inna ta ce in na bar ko kaɗan, za ki gane, a koma inda anka hito.”

Mairamu ta gyaɗa kai. Ta ɗauka za ta yi kuka in ta ji wannan, amma ba abin da ya zo.

“Yaya, ni ban so…”

“Rantsuwarka tana nan lahiya lau, Mahfuzu. Ba ka da kaffara. Ka tsare hannunka.” Ta dubi yatsanta na nuni, ta naɗe shi cikin tafin hannu. “Ni ka bari da nawa.”

Ta tashi ta ɗora tukunyar tuwo. Da ya nuna ta zuba wa uwarta, ta zuba na gidan Mahfuzu a kwanon da aka saba, ta rufe da faifai ta ajiye a bakin zaure.

Washegari da hantsi Asiya ta lalubo salular a ƙarƙashin filo. Ta kawo ta da hannu biyu, ta ɗora a cinyar uwarta, ta karkata kai.

Mairamu ta ɗauke ta ta zagaya bayan rumbu inda ba kowa. Ta zaunar da ita a ƙafarta, ta juyo da kunnen dama. Kiran sallar ba nata ba ne, ta tsallake shi. Ta yi gyaran murya yadda yake yi. Ta so ta kamo sautinsa, ta ji ruwan saman, ta ji dariyar abokinsa, amma muryarsa ta ƙi tsayawa a ranta, sai ta zo kusa ta zille. Ta sa bakinta a kunnen yarinyar.

“Sunanki Asiya,” ta ce. Shi ne karo na farko da sunan ya fita daga bakinta. “Haruna na babanki. Ya ce yana nan tahe. Ya so zuwa.”

Numfashin ya yi wa yarinyar cakulkuli, ta ƙyalƙyale da dariya ta ture fuskar uwarta. Sai ta sake ɗaukar salular ta manna a kunne, ta yi shiru tana jira. Ta daɗe a haka. Mairamu ba ta karɓe ba, ta bar ta har ta gaji ta ajiye da kanta, ta bi wani ɗan tsako.

Da aka cire albasa Abdulhamid ya aiko kamar yadda ya saba, ta wurin Inna. Mairamu ta ce a gaya masa ya zo ya tambaye ta da bakinsa, ita ma ta amsa da nata.

Salular ba ta sake ƙagewa ba. In batirinta ya yi ƙasa, Mairamu takan ɗaure ta a bakin zane ta fita. Hanya ta gaban rumfar Mahfuzu take bi, babu wata. Yakan hango ta tun daga nesa ya ware waya guda ya riƙe.

“Ina kwana, Yaya.”

“Lahiya lau. Ina iyali?”

“Lahiya.”

Sai ta wuce, ta ratsa kasuwa, ta haura tudun duwatsu zuwa rumfar Munir a can ƙarshen gari, inda ake daɗewa kafin a samu wuri.